Labadi ko Elmina: Ina Ya Kamata a Rufe Dogon Hutu?

Ya kai ɗalibi, dogon hutu yakan zo ne bayan zangon karatu na uku, daga ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin da damina ta kankama a ƙasarmu. A irin wannan lokaci ne wasu iyalai daga unguwanni kamar Wulari a Maiduguri sukan yi shirin ziyartar dangi a ƙasashen maƙwabta. Ƙasar Gana tana cikin wuraren da ake zuwa, domin akwai 'yan arewacin Nijeriya da yawa da suka daɗe da zama a zangunan Kumasi da Akara. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza kafin ya shiga Gana, saboda yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta shekarar 1979 ta ba shi damar zama har kwana 90. Fasfo da katin rigakafin cutar shawara su ne manyan takardun da zai riƙe.

To, a ce kai ne ka yi wannan tafiya tare da iyayenka. Kun gama zumunci a Kumasi, saura kwana uku jirgi ya tashi da ku daga Akara, guzuri kuma ya fara ƙarewa. Kowa a gidan yana son ya ga teku kafin a koma, domin ɗan Borno ya san Kogin Ngadda da madatsar ruwa ta Alau, wataƙila ma ya taɓa jin labarin Tafkin Chadi daga bakin kakanninsa, amma bai taɓa tsayawa gaban ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa ba. Sai shawara ta rabu biyu. Wasu sun ce a tafi bakin tekun Labadi da ke cikin Akara, wasu kuma sun ce a bi ta Elmina da Cape Coast. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, wato ba a iya yin manyan abubuwa biyu a lokaci guda. Ra'ayina shi ne a zaɓi Elmina, kuma zan kawo maka dalilaina. Amma adalci ya sa mu fara sauraron masu son Labadi.

Hujjarsu ta farko ita ce sauƙi. Labadi tana gabashin birnin Akara, wanda tsofaffin fatake suke kira Ankara, kuma ba ta da nisa da filin jirgin sama. Wanda ya kwana a can ba ya fargabar jirgi ya tashi ya bar shi. Hujja ta biyu ita ce nishaɗi. Ana biyan kuɗin shiga, a ciki kuma akwai dawakin haya, da makaɗa, da masu sayar da gasasshen kifi, musamman a ranakun Asabar da Lahadi. Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi a wurin mai koyon Hausa. A unguwannin Nima da Sabon Zango za ka ji Hausa a kasuwa da masallaci kamar kana Kano. Za ka sha koko da ƙosai da safe, ka ci tuwo da rana, ka kuma tarar da shinkafa da wake wadda mutanen Gana suka ari sunanta daga Hausa. Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, a Akara yake zaune, kuma babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021 yana unguwar Kanda. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma ba abin rainawa ba ne.

Sai dai ka lura da abu guda. Yawancin abin da ke jan hankali a wannan jeri yana cikin birnin Akara ne, kuma ta Akara za ku fita ko da wane zaɓi kuka yi. Idan an tsara tafiya da kyau, ranar ƙarshe ta isa a ga Nima, a yi salla a Kanda, a sayi tsaraba. Abin da Labadi kanta take bayarwa shi ne yashi da igiyar ruwa da kiɗa. Irin wannan kuwa akwai shi a Legas, ba sai an tsallake iyaka ba. Wanda ya kashe kuɗin jirgi har zuwa wata ƙasa ya kamata ya nemi abin da ba zai samu a gida ba.

Elmina tana da teku iri ɗaya da na Labadi, domin dukansu suna bakin Tekun Atilantika ne. Amma a kan duwatsun bakin ruwanta akwai wani katafaren farin gini da Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1482, ƙarƙashin jagorancin Diogo de Azambuja. Ana ɗaukarsa a matsayin mafi tsufa cikin gine-ginen Turawa da suka rage a Afirka kudu da Sahara. Zinariya ce ta kawo su da farko, kuma sunan garin ma yana da alaƙa da kalmarsu mai nufin mahaƙar ma'adini. Daga baya cinikin bayi ya rinjayi na zinariya. Mutanen Holan suka ƙwace ginin a 1637, suka riƙe shi har 1872, lokacin da suka miƙa shi ga Ingilishi. Kimanin kilomita 12 gabas da shi akwai irinsa a Cape Coast, wanda mutanen Suwidin suka soma a 1653, daga baya ya koma hannun Ingilishi. Cape Coast ce hedikwatar mulkinsu har 1877, shekarar da suka mayar da ita Akara. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya a 1979.

A cikin ginin Elmina, mai yi wa baƙi jagora zai kai ka ɗakunan ƙasa masu duhu, inda ake cusa maza da mata su yi makonni suna jiran jirgin ruwa. A samansu gwamna yake kwana a ɗaki mai tagogi, iskar teku tana shigo masa. A tsakar gidan kuma akwai ɗakin ibada. Daga ƙarshe za a nuna maka wata 'yar ƙofa mai ƙunci wadda take fuskantar teku. Wanda ya fita ta cikinta ba ya komowa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 12 aka ɗiba daga gaɓar Afirka zuwa nahiyar Amurka a cikin ƙarnonin da aka yi ana wannan ciniki. Ka sha karanta wannan adadi a darasin tarihi, amma gani ya kori ji. Minti biyar a cikin ɗakin nan yakan koya wa mutum abin da babi guda bai koya masa ba.

Wataƙila ka ce: me ya haɗa ɗan Maiduguri da wannan labari, alhali garinsa yana nesa da teku da kimanin kilomita dubu? Amsa ita ce akwai dangantaka, kuma ta kusa ce. Ali Eisami Gazirmabe Babarbare ne, ɗan wani malami a ƙasar Borno. An kama shi a zamanin yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, aka riƙa sayar da shi daga hannu zuwa hannu, ta ƙasar Hausa har zuwa ƙasar Yarabawa. Daga bisani aka sa shi a jirgin bayi daga Porto-Novo, a ƙasar Benin ta yau. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su a teku, aka sauke shi a Freetown ta Saliyo a 1818. A can ne ya koya wa wani Bajamushe mai suna Sigismund Koelle harshen Barebari, wanda ya wallafa nahawun harshen a 1854. Ali Eisami bai bi ta Elmina ba, amma ƙofar da ya fita ta cikinta irin wannan ce. Haka kuma mutanen da aka kamo daga arewa, ana bi da su ta kasuwar Salaga, wadda fataken goro na Kano suka san ta sarai, a gangaro da su kudu. A garin Assin Manso, kan hanyar Kumasi zuwa Cape Coast, har yau ana nuna rafin da akan yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku.

Wannan tarihi yana da ɗaci ta wani gefen kuma. Turawa ne suka kawo jiragen, amma 'yan Afirka ne suka kamo 'yan'uwansu suka sayar. Ƙasashenmu na arewa ma sun daɗe suna tura bayi ta hamada zuwa Tarabulus. Ɗalibin da ya san haka ba zai tsaya ga zargin baƙi kaɗai ba. Zai tambayi kansa yadda kwaɗayi da yaƙi suke sa mutum ya mayar da ɗan'uwansa haja. Mutanen Borno, waɗanda suka ga yadda rikici ya raba iyalai da garuruwansu a shekarun baya-bayan nan, suna da dalilin yin wannan tambaya fiye da kowa.

Akwai kuma darasi na musamman ga mai koyon Hausa. Tsakanin 1872 da 1874, Ingilishi sun kawo sojoji daga Legas zuwa wannan gaɓa domin tsaron Elmina da yaƙi da Asante. Asalin rundunar ita ce wadda John Glover ya kafa a Legas a 1863, kuma ana kiran mutanenta Hausawa. Da yawa daga cikinsu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, kuma ba dukansu ne Hausawa a jini ba. Harshen ne ya haɗa su, kamar yadda ya haɗa fatake da malamai na ƙabilu dabam-dabam a zanguna. Ke nan Hausar da kake koya a aji a matsayin harshe na biyu, wasu sun riga ka koyonta haka nan, kuma da ita suka yi rayuwa a bakin wannan teku shekara 150 da suka wuce.

Yanzu mu koma ga ƙorafe-ƙorafen da za a iya yi. Na farko shi ne nisa. Daga Kumasi zuwa Cape Coast ya ɗan haura kilomita 200, daga can zuwa Akara kuma kimanin kilomita 150 ne, sannan akan sami cunkoson motoci a Kasoa kafin a shiga birnin. Maganin wannan shi ne tsari. A kwana biyu a Elmina ko Cape Coast, a tashi da sassafe a rana ta uku, a kwana a Akara daren da ya rage. Kada wanda ya yi gangancin tasowa daga Elmina a ranar da jirginsa zai tashi.

Ƙorafi na biyu shi ne cewa hutu na farin ciki ne, don me za a rufe shi da baƙin ciki? Wannan magana tana da nauyi, musamman idan akwai ƙananan yara, kuma iyaye ne suka fi sanin abin da zuciyar ɗansu za ta iya ɗauka. Amma ziyarar ginin ba ta cin yini guda. Da ka fito, sai ka tarar da tashar masunta a bakin tafkin Benya, cike da kwalekwale masu launi iri-iri, mata suna ƙyafe kifi, yara suna wasa a yashi. Kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast akwai gandun dajin Kakum, inda ake tafiya a kan gadar igiya da aka ɗaura tsakanin dogayen itatuwa. Wanda hutunsa ya kai Asabar ta farko a watan Satumba zai iya ganin bikin Fetu Afahye na mutanen Cape Coast. Nishaɗi bai ƙare ba, ilimi ne ya ƙaru a kansa. Mutane suna tasowa daga nesa domin wannan wuri. Shugaban Amurka Barack Obama ya ziyarci ginin Cape Coast da iyalinsa a watan Yulin 2009, kuma a 2019 gwamnatin Gana ta gayyaci jikokin bayi daga ko'ina a duniya su zo su ga tushensu.

Ko wanne kuka zaɓa, akwai gargaɗi guda da ya shafi wuraren biyu. Teku ba kogi ba ne. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana da ƙarfi, kuma akwai jan ruwa na ƙarƙashi wanda yakan ɗauke ƙafar mutum ya yi ciki da shi, ko da ya iya iyo a rafin garinsu. Tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kada ka juya wa igiya baya, kuma ka bi maganar mutanen wurin. Rigakafi ya fi magani.

Idan aka koma makaranta, malami zai ce kowa ya rubuta insha'i a kan yadda ya yi hutunsa. Wanda ya je Labadi zai rubuta cewa ya hau doki, ya ci kifi, ya ga teku, kuma babu laifi a cikin haka. Wanda ya je Elmina shi ma ya ga teku ya ci kifi, sannan yana da labarin ƙofar nan mai ƙunci, da rafin Assin Manso, da Ali Eisami ɗan Borno. Hausawa suna cewa tafiya mabuɗin ilimi. Saboda haka, idan iyayenka suka nemi shawararka a kan kwana ukun nan da suka rage, ka yi magana cikin ladabi, ka ce musu: "Baba, Inna, ina ganin mu bi ta Elmina, mu kwana a Akara daren ƙarshe."