RA'AYINMU: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne, A Fito Mana da Madubin Ɗakin Gwaji

Muna da koke guda ɗaya: muna so a riƙa ba mu ƙwari na gaske mu duba a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba zanensu a allo kawai ba. Mun san wasu za su ce 'yan kulob ɗin jarida sun rasa abin rubutawa. A yi haƙuri a karanta har ƙasa tukuna.

Akwai wasu ƙananan ƙwari masu tsalle da ke maƙalewa a gindin shinkafa, ko a jikin masara da dawa, suna tsotse ruwan tsiro da baki mai kama da allura. Masana na kiran danginsu Delphacidae. Yawancinsu ba su kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Mafi sharri a cikinsu shi ne Nilaparvata lugens na ƙasashen Asiya. Idan ya yi yawa sai gona ta bushe kamar an cinna mata wuta, ga shi kuma yana ɗaukar cuta daga wannan tsiro zuwa wancan. Amma yana da 'yan'uwa biyu, Nilaparvata bakeri da Nilaparvata muiri, waɗanda ciyawar bakin ruwa ce abincinsu. Launinsu ɗaya da shi, girmansu kusan ɗaya, kuma da dare tare suke faɗawa tarkon fitilar da ake kafawa don ƙidayar ƙwari. Wanda bai iya bambance su ba zai ƙirga marasa laifi cikin masu laifi, ya sanar da manoma cewa annoba ta iso, a kama feshi a banza.

Feshin banza kuwa yana da tsada fiye da kuɗin magani. Maganin yana kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cinye wannan ɓarawon shinkafa, shi kuma ƙwansa yana ɓoye cikin jikin tsiro, sai ya ƙyanƙyashe ya tarar babu mai tsawata masa. Abin da ya faru a Indonesiya ke nan, har a 1986 Shugaba Suharto ya hana amfani da magungunan ƙwari iri 57 a gonakin shinkafa.

To yaya ake gane su? Mataki-mataki ake bi, kuma matakan farko ɗalibin SS1 ma zai iya. A dubi ƙafar baya. Idan an ga ƙaimi mai motsi a ƙarshen ƙwaurinta, kamar ƙaimin zakara, to ɗan Delphacidae ne. Idan kuwa layukan ƙananan ƙayoyi ne jere a tsawon ƙwaurin, wani dangi ne daban, dangin su Cicadulina da ke yaɗa cutar nan mai sa ganyen masara ya yi zane-zane. Sai a dubi gaɓar farko ta tafin ƙafar: ƙananan ƙayoyi a gefenta alama ce ta Nilaparvata. Daga nan aikin yake tsauri. Don a san ainihin wanne ne cikin 'yan'uwan, sai an samo namiji, an cire ƙarshen cikinsa, an jiƙa shi a ruwan soda mai ƙarfi irin ta yin sabulu har naman ya narke, sannan a dubi siffar gaɓoɓin haihuwarsa. ('Yan bencin baya, mun ji dariyarku.) Dalili shi ne launi yana yaudara, fiffike ma haka, don cikin iri ɗaya akan samu masu dogon fiffike da masu gajere. Waɗannan gaɓoɓin kuwa kowane iri da nasa fasalin, kamar makulli da kwaɗonsa.

Wani zai ce wannan matsalar mutanen Asiya ce, mu 'yan Fagge da Sabon Gari ko gona ba mu da ita. Shinkafar da ake aunowa a kasuwar Sabon Gari fa? Ta gida daga Kura da Kadawa da Bunkure take fitowa, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga. A shagunan garin nan ake sayar wa manoman maganin feshi, kuma 'ya'yan masu shagunan na zaune tare da mu a aji. Afirka ta Yamma tana da nata ƙwarin na wannan dangi, irin su Nilaparvata maeander, har da wani mai suna Sogatella nigeriensis da ya ɗauki sunan ƙasarmu. An daɗe ana rubuta cewa Sogatella furcifera, wani maɓarnacin shinkafar Asiya, yana nan Afirka. A 1990 masana biyu, Manfred Asche da Michael Wilson, suka bi dangin ɗaya bayan ɗaya suka duba gaɓoɓin mazan, suka nuna cewa 'yan'uwansa ne ake ta laƙaba wa sunansa. Baƙo kuma yakan zo da gaske. Tsutsar masarar nan da ta addabi manoma daga nahiyar Amurka ta fito, kuma a Najeriya aka fara tabbatar da ita a farkon 2016, lokacin da masanan IITA suka gane ba tsutsar da aka saba da ita ba ce. Da babu mai ido a wurin, da an ce ai tsutsa ce kawai.

Akwai hujjoji biyu da muke ganin suna da nauyi, ba za mu yi kamar ba mu ji su ba. Ta farko, yanzu ana gwajin DNA. Haka ne, sai dai gwajin yana kwatanta ƙwaro ne da samfurin da wani ya riga ya raɗa wa suna ta hanyar duba jikinsa. Idan sunan farko kuskure ne, na'ura za ta maimaita kuskuren da ƙarfin gwiwa. Ta biyu, madubi yana da tsada kuma ɗalibai akwai ɓarna. Wannan ma gaskiya ce, kowa ya ga kujerunmu. Amma madubin da ya shekara cikin kabad ma lalacewa yake yi, ƙura da raɓa ba sa jiran hannun ɗalibi.

Ba mu ce madubin makaranta zai kai mu ga tantance kowane iri ba. Wannan aikin ƙwararru ne, masu tarin samfuri irin wanda ke ɗakin adana ƙwari na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya. Ƙaimi da ƙayoyin ƙafa dai za mu gani da idonmu, kuma wanda ya taɓa zana abin da ya gani ba zai ruɗe ba ranar firatikal na WAEC ko NECO.

Don haka muna roƙon Malam shugaban makaranta da malamanmu na bayoloji da na aikin gona su ware mana darasi biyu a jere, ko sau ɗaya ne a zango. Ƙwarin mu za mu kawo. Da damina farin ƙyalle da fitila a tsakar gida sun isa, sai ƙaramar kwalba da sifirit. Ruwan sodar nan yana ƙona fata, a hannun malami kawai zai zauna. Masu son shiga su ba sakataren kulob sunansu da ajinsu kafin tashi ranar Alhamis.