An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ranar Asabar ɗin nan ƙanwata ta aiko a kira ni gidanta a Kambarawa, wai in zo in yi wa ɗanta faɗa. Na same ta riƙe da katin sakamako, fuska a murtuke, yaron kuma yana raɓe a bakin ƙofar ɗaki da sawun wayar caja a damtse. Ta miƙo mini katin ta ce, "Yaya, duba abin da malaminsu ya rubuta. Wai yana da ƙwaƙwalwa amma ƙiwuya ta yi masa yawa, ba ya son rubutu. Ni na gaji, ga shi nan ka ji da shi."

Ƙiwuya? Yaron da shekararsa 11 amma duk fitilar cajin da ta mutu a layinsu shi ake kawo wa ya kwance ya tayar? Yaron da in ya zauna ba ka labarin hawan Sallah, tun fitowar Sarki ta Ƙofar Soro har watsewar jama'a daga filin Kangiwa, sai ka ji kamar ƙurar dawakin na shiga maka hanci? Haba!

Na ce a ba ni littattafansa. Wallahi ina buɗewa raina ya ɓaci, kuma ba da shi ba. Shafi bayan shafi, darasi ne da malam ya cika allo da shi, yara suka duƙa suna kwafa har a tashi. Na ƙirga littattafai tara, da ƙyar na sami jimlar da ta fito daga kan yaron. Na kai wurin insha'i, an ce su rubuta yadda suka yi hutu. Abin nan ma malam ne ya rubuta a allo, ajin gaba ɗaya suka kwafe. Wato yara arba'in da wani abu duk gari ɗaya suka je hutu, duk kawu ɗaya ya kai su gidan namun daji, duk suka dawo cikin farin ciki. Shi kuwa ɗan namu hutunsa a gidan kakarsa ya yi, yana bin awaki. Da ya gwada rubuta wannan da guntun Turancinsa, sai aka bi shi da jan biro kamar an yanka kaza a kan takardar, aka ba shi 2 bisa 10.

To ka gaya mini, kai mai karatu, wane mai hankali ne zai sake?

Ba a nan abin ya tsaya ba. In ya yi surutu a aji, hukuncinsa ya rubuta layi ɗaya sau ɗari biyu. Mun ɗauki alƙalami mun mayar da shi dorina, sannan muna mamaki yaro na ganinsa yana ja da baya. Daƙiƙi ma yakan haƙura ya kwafa, tunda ba abin da ke ci masa rai. Mai kaifin kai shi ke shan wuya, don tunaninsa ya riga ya kai Jibiya hannunsa bai bar Ƙofar Guga ba, ga tsoron kuskure, ga kunya, shi da aka saba yi wa tafi in ya buɗe baki. Sai ya ajiye biro. Mu kuma mu ɗauko wayar caja.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a Katsina ake wannan. Garin da ba mu da hira sai ta Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, waɗanda tun ƙarni na 17 suke wallafa littattafai da waƙoƙi. Garin da Muhammadu al-Katsinawi ya fito ya je Alƙahira ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi, ya rasu a can a 1741. Da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, Abubakar Imam yana matashin malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya yi Kwalejin Katsina ya rubuta Shaihu Umar. Da Hausa suka yi, da labaran da ke cikin kansu. Da a ce wani ya tsaya a kan Imam da bulala ya ce sai abin da ke allo, yau da wa za mu yi tinƙaho?

Kullum muna bugun ƙirji da sunayensu a taron yaye ɗalibai. Jawabin ma kwafo shi aka yi.

Kuma don Allah mu daina cewa yaran yanzu ba sa son rubutu. Karɓi wayar 'yarka budurwa ka duba WhatsApp, ka ga shafukan littattafan Hausa da 'yan mata da matan aure ke zubawa kullum, babi bayan babi, ba wanda ya sa su, ba wanda ya ba su maki. Shiga Facebook bayan wasan Arsenal ka ga yaran da aka ce ba sa iya haɗa jimla suna tsara gardama har tsakar dare. Suna da abin faɗa, suna da mai ji, ba mai bin su da jan biro. Shi ke nan sirrin.

Hukuma ma ba ta san inda ta dosa ba. A 2022 aka ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 aka ce an fasa, a koma Turanci. JAMB dai danna A, B, C, D ne a kwamfuta. Amma WAEC na nan tana jira da insha'in kalma 450, kuma yaron da ya shekara goma sha biyu yana kwafi, in aka ajiye masa farar takarda me zai yi in ba waige-waige ba? Ranar kuma mu taru muna tsine wa satar amsa, alhali mu muka yaye shi a kanta.

Mu iyaye fa? Wanzami ba ya son jarfa. Yaushe rabon da ɗanka ya gan ka kana rubuta wani abu da ya wuce lambar asusu? Saƙo ma na murya muke turawa. Za mu biya kuɗin makaranta, mu biya na lesin, mu je a yi wa yaro rubutun buɗe ƙwaƙwalwa ya sha, amma mu zauna minti biyar mu karanta abin da ya rubuta da hannunsa, wannan ya gagare mu. An ce laifin yaro ƙiwuya, mun riƙe wannan gam, mun manta farkon maganar, laifin babba rowa. Rowar lokaci muke yi musu.

Ni dai ban yi masa faɗa ba. Na aika aka sayo littafi mai shafi arba'in a shagon bakin layi, na ce ya ba ni labarin akuyar kakarsa da ta shiga masallaci, ni ina rubutawa. Da muka kai tsakiya na ce hannuna ya gaji. Ya dube ni ya ce, "Kawu, da Hausa?" Na ce da Hausa. "Ba za ka gyara ba?" Na ce ko wasali ba zan taɓa ba. Ya karɓi biron. Har aka kira Magariba bai ɗago ba, ya cika shafi uku, rubutun kamar tafiyar kaza, babu aya ko ɗaya, amma uwarsa ta yi dariya har da hawaye da ya karanta mana. Gyaran ƙa'ida zai zo, ba yau ba.

Malamai, na san aji ya cika, na san albashi bai taka kara ya karya ba. Amma ko sau ɗaya a mako, ku goge allon nan ku bar yara su rubuta nasu. Ke kuma uwar yara, mayar da wayar cajin jikin soket, ki ce ya kawo littafinsa ya karanta miki.