Ramukan Riruwai: A Auna Kafin A Cike

Mazaunin Tudun Wada a birnin Kano, idan aka yi masa zancen ramukan haƙar kuza, sai hankalinsa ya tafi Jos. Alhali kuwa a kudancin jiharsa, bayan Dajin Falgore, akwai Riruwai ta Ƙaramar Hukumar Doguwa, inda mutanen gari suke narka kuza tun kafin zuwan Turawa. Daga baya kamfanoni suka bi jijiyar kuza da tutiya har ƙarƙashin dutse. Aikin ya tsaya cikin shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985.

Sai dai rami ba ya mutuwa don ma'aikata sun tashi. Muddin ana haƙa, injuna ne ke zuƙe ruwan da ke tsattsafowa, magudanai su fitar da shi. Ranar da aka kashe injin, ruwa ya shiga hauhawa. Duwatsun da ke ɗauke da tutiya da darma haɗe suke da farar wuta. In iska da ruwa suka taɓa su, ruwan yakan yi tsami, ya narkar da ƙarafa, ya biyo tsohuwar magudana zuwa rafi. Ido ba ya ganin wannan. Ruwa yana iya yin garau, makiyayi ya shayar da shanunsa, yara su yi wanka.

Wasu na cewa a kawo motar tura ƙasa a cike ramukan a huta. Wannan gaggawa ce. Ramin da aka rufe bakinsa ba a zana taswirarsa ba ya zama tarko, domin wata rana wani zai gina ɗaki a kansa. Magudanar da aka toshe kuwa, ruwanta zai nemi wata kafa da ba wanda ya sani.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne a shinge bakin kowane rami, ɗaliban ilmin duwatsu na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su auna zurfi da inda hanyoyin suka nufa, a riƙa gwada ruwan rani da damina. Tsofaffin leburori da suka san cikin ramukan suna ƙarewa; a rubuta abin da suka sani.

Darma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 kafin a farga. Kuma daga tsaunukan kudancin nan Kogin Kano yake tattaro ruwan da ke cika Tiga, ya wuce Tamburawa, inda ake tace shi domin famfunan birni.