Liyari da Shekarar da Ba Ta Ƙarewa

Kusan kowane liyari da za ka gani, a wuyan tsohuwa ne ko a shimfiɗar mai sayar da kayan tarihi a Kasuwar Kurmi, shekara ɗaya ce a jikinsa: 1780. A nan sabon shiga harkar tsofaffin tsabar azurfa yake fara tuntuɓe. Ya ga shekarar, ya ƙirga da yatsu, ya ce ai wannan ya girmi jihadin Shehu Usmanu da shekara 24, sai zuciya ta fara gina masa bene.

A 1780 Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ta rasu, ita ce mai hoton da ke jikin kuɗin. Da 'yan kasuwar gabas suka ƙi yarda da wani kuɗi sai nata, aka ci gaba da buga shi ba tare da an taɓa shekarar ba. Italiya ta buga shi a Rum daga 1935 saboda yaƙinta da Habasha, aka buga a Landan da Faris da Bombai, kuma gidan buga kuɗi na Biyana yana fitar da shi har yau. An buga ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka liyarin da ke hannunka yana iya zama sa'an kakan kakanka, yana iya zama ƙanen ɗanka.

Ta hanyar Tarabulus ayarin Sahara ya kawo mana shi. Lokacin da Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, liyari ɗaya yana kan wuri 2,500. Mutanen da suka karɓi wannan kuɗi ba su iya karanta rubutun Latin da ke kewaye da shi ba, amma sun iya tantance shi fiye da yawancin masu sayensa a yanzu. A Habasha da ƙasar Larabawa, ɗan kasuwa yakan duba maƙalin da ke kafaɗar sarauniyar da adon da ke kanta, ya ƙirga 'yan ɗigo-ɗigon lu'ulu'un. In sun shafe, ya mayar maka da abinka ko ya rage masa daraja. Hujjarsa mai sauƙi ce: inda zane ya fi tudu, nan hannu yake fara ci, kuma kuɗin da hannu ya ci ya rage nauyi. Rubutun da aka buga a bakin kuɗin shi ma tsaro ne, don wanda ya kankare gefe ya saci azurfa, nan take asirinsa zai tonu.

Turawa masu tara tsaba sun mayar da wannan kallo lamba. A 1949 wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70, kuma tun 1986 kamfanin PCGS yake duba kuɗi, ya ba shi lamba, ya rufe shi a cikin roba. Daga 60 zuwa sama na kuɗin da bai taɓa shiga kasuwa ba ne. A ganina, mai koyo ya bar haddar lambobin nan tukuna. Ya samu tsaba iri ɗaya guda biyar, ya jera su a ƙarƙashin fitila, ya riƙa karkata kowace yana kallon gashin kai da kunci da fukafukan mikiyar da ke jikin liyari. Sabon bugu yana da wani sheƙi da ke zagayawa in ka juya shi, wanda gogewa ba ta dawo da shi.

Kafin a kai ga daraja ma, sai an tabbatar azurfar ce. Liyari na gaskiya nauyinsa giram 28 da 'yan kai, kashi 833 cikin 1,000 azurfa, sauran jan ƙarfe. Azurfa ba ta bin mayen ƙarfe. In ka ɗora kuɗin a kan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa, amonsa yana da tsawo, na dalma kuwa a mace yake. Maƙeran fari sun daɗe da sanin wannan, su da suka narkar da liyari ba iyaka suka mayar da shi awarwaro da zobe. Jabu na zube yakan nuna kansa da ƙananan ramuka a fuska da layin haɗi a gefe.

Kuɗin zamanin mulkin Ingila sun fi koyar da sabon hannu, don shekarunsu ba sa yaudara. Dala da sule da sisi da taro da hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ta fara fitarwa a 1913, azurfa ce kashi 925 cikin 1,000. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada, a 1920 aka rage ta zuwa rabi, a cikin shekarar kuma aka koma tagulla. Sule mai bishiyar kwakwa na 1913 da na 1938 suna ɗaya ne kawai ya haɗa su. Kwabo mai huji kuwa, duk farinsa, babu azurfa ko ƙwaya a cikinsa. Akwai kuma ƙaramin harafi da ya kamata a nema da madubin ƙara girma, H ko KN, alamar masana'antun Bamingam biyu da suka yi bugun. Shekara ɗaya, zane ɗaya, amma wani harafin ya fi wani wuyar samu, kuma wuyar samu ita ce ke ɗaga farashi sama da nauyi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne halinmu na son ƙyalli. Da an tono tsohon kuɗi a akwatin gado, sai a nemo toka da lemun tsami a dirje shi. Garin gyaran gira an rasa ido. Duhun da shekaru suka shimfiɗa wa azurfa shi masu tarawa suke biya, goge kuwa yana barin siraran zane-zane da ba sa ɓoyuwa ga wanda ya san aiki. Haka huji da mariƙin da maƙeri ya liƙa don a rataya a sarƙa. Ban ga laifin matan da suka yi ado da dukiyarsu ba, don su ajiya ce da ake iya cirewa daga wuya ranar wuya. Sai dai hudajjen liyari ya fita daga kasuwar masu tarawa, ya koma ta maƙera. A can ba a tambayar shekara. A ɗora shi a sikeli, a cire nauyin mariƙin, a lissafa azurfar da ke ciki, wadda a cikakken liyari giram 23 ce da ɗoriya, a buga da farashin ranar, sannan mai saye ya zabge ladan narkarwa.