Wasiƙun Ajami Tsakanin Jibiya da Maraɗi

Zumuncin da ke tsakanin Jibiya da Maraɗi ya girmi iyakar da ta ratsa shi. Tun bayan da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga birnin Katsina, zuriyarsu ta kafa sarauta a Maraɗi, inda har yau ake kiran mai riƙe da ita Sarkin Katsina, gida ɗaya ya zama yana da reshe a kowane ɓangare. Kuma sa'ad da Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar 1906, jami'ansu, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamomi har zuwa 1908, ba su tambayi kowa inda 'yarsa take aure ba.

Abin da ya riƙe dangi a wancan zamani shi ne wasiƙar ajami. Mai gida zai tafi zauren malami bayan la'asar, ya zayyana masa abin da ke ransa, malami ya fere alƙalamin kara, ya tsoma a tawadar gawayi da ƙaro, ya fara da bisimilla da salati, sa'an nan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar kowa da sunansa, kafin a zo ga maƙasudi: an yi haihuwa ranar kaza ga watan Rajab, wance ta riga mu gidan gaskiya, damina ta yi gardama, a aiko da ɗan abin biyan haraji. A naɗe takardar ƙanana, a ba falke ko almajiri ko ɗan cin rani, shi kuwa ya cusa ta cikin naɗin rawaninsa, amana ce a wuyansa har ya damƙa ta hannun mai ita. Ko tsakanin 1940 da 1942, lokacin da Nijar ke hannun gwamnatin Bishi ta Faransa aka tsananta tsaron iyaka, ba hatimin Bature irin wannan saƙo yake jira ba.

Hujjata ita ce, tarihin mulkin mallaka da muke karantawa galibinsa daga rahoton Razdan da na Kwamanda aka tsamo shi, alhali kuwa yadda talaka ya ɗanɗana yunwar Kakalaba ta 1914, da yadda samari suka riƙa gudowa kudu saboda aikin tilas na Faransawa, wanda ba a soke ba sai 1946, yana cikin abin da wa ya rubuta wa ƙanensa. Abin baƙin ciki, waɗannan takardu suna nan cikin gafaka da tsofaffin akwatuna gara tana ci, jikokin masu su kuma, wani ya yi boko da Ingilishi, wani da Faransanci, da yawansu ba sa iya karanta rubutun kakansu.

Saboda haka ya wajaba Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ta haɗa hannu da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, a bi gidajen malamai da na zuriyar fatake a Jibiya da Ɗan Isa da Madarumfa, bisa yardar magada, a ɗauki hoton kowace takarda, a rubuta sunan gidan da ta fito, a mayar wa masu ita asalinta. A fara da dattawan da suka san wane ne ya rubuta wa wane, tun suna da rai.