Aure da Katin Asibiti

Jama'ar zango, samarinmu da yawa suna jinkirta aure, wai tsoron kuɗin asibiti in mata ta yi ciki ko yaro ya kwanta. To, wannan tsoro na zamanin da sai ka biya a duba ka ne. A 2003 Gwamnatin Gana ta kafa inshorar lafiya, NHIS. Tun 2008 kyauta mai ciki take rajista, awo da haihuwa duk katin ya ɗauke. Amma ɗan kasuwa ba shi da albashin da za a yanka, shi zai sabunta nasa kowace shekara. Saboda haka muna roƙon waliyyai, kafin maganar lefe ku tambayi saurayi ko katinsa yana aiki. Allah ya sa mu dace, amin.