Kafin ka zuba kuɗinka a amfilifaya saboda hedifon, tsaya ka karanta wannan



Makon jiya wani ɗan uwa daga Badarawa ya turo min saƙo ta inbok. Ya ce ya samu laftof na hannu, yana haɗa bidiyon biki da sautin talla da ita, da dare kuma yana sauraron karatu da waƙoƙi. Ya tara 'yan kuɗinsa zai ba direba saƙo zuwa Gusau. Tambayarsa ita ce: "Malam, wace amfilifaya zan saya? Na gani a YouTube an ce in babu ita hedifon ba ya ba da sauti na gaskiya."

Na ce masa kada ya saya. Na san amsar ba ta yi masa daɗi ba, don mutum in ya riga ya ƙwallafa rai a kan abu, so yake a ce masa je ka. Amma ra'ayina ke nan, kuma kai ma da kake karantawa shi zan faɗa maka: in kuɗinka ƙididdigagge ne, ka juye kusan dukansa a hedifon mai kyau mai waya, canjin da ya rage ka sayi ƙaramin adafta na USB. Amfilifaya ta jira.

Bari mu fara raba abu biyu da ake cakuɗawa. Amfilifayar da muka sani a nan, wadda ake haɗa wa lasifikar masallaci ko ta masu kiɗan biki, daban take da ta hedifon. Waccan wuta mai yawa take turawa don ta motsa manyan lasifika. In ka kuskura ka haɗa hedifon da inda ake haɗa lasifika, ko dai ya ƙone ko kunnenka ya ji jiki. Ta hedifon 'yar ƙarama ce, wata ma ba ta kai akwatin ashana ba. Kuma abin da masu bidiyon ba su cika faɗa ba shi ne, laftof ɗinka da wayarka duk suna da irinta a ciki. Ba don haka ba da ko ƙis ba za ka ji ba in ka soka iyafis. Tambayar kawai ita ce, ta cikin ta isa ko ba ta isa ba?

Amsar na jikin kwalin hedifon. Ka duba za ka ga wata lamba da alama a gefenta mai kama da kofaton doki, Ω, ana kiranta om. Ita ke nuna yadda hedifon ke turje wa wutar da ake tura masa. Mai om 16 zuwa 32 don waya da laftof aka yi shi. Har mai 60 da wani abu laftof na jan sa lafiya lau. Misali Sony MDR-7506, wanda tun 1991 yake kasuwa kuma gidajen rediyo da situdiyo na duniya suke aiki da shi, om 63 ne. Samson SR850, na masu ƙaramin ƙarfi, om 32 ne. Inda magana ke canzawa shi ne irin su Sennheiser HD 600 mai om 300, ko Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 250. Waɗannan su ne masu YouTube ke riƙe da su lokacin da suke cewa sai da amfilifaya, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai kai ba shi ne a hannunka ba. Wanda ya sayi akuya ba ya neman ragamar raƙumi. DT 770 ɗin ma kamfanin na yin sa kala uku, mai 32 da mai 80 da mai 250, don ya san ba kowa ke da na'urar jan babban ba.

Akwai lamba ta biyu a kwalin mai ɗauke da dB, wato desibel. Ita ke nuna yawan ƙarar da hedifon zai yi da 'yar wuta kaɗan. In ta kusa 100 ko ta haura, ba ka da damuwa. In ba ka son lissafi, ga gwaji mai sauƙi: soka hedifon a laftof, kunna abin da ka saba ji. In ƙarar ta ishe ka kafin ka kai ƙarshen boliyom, to amfilifaya ba abin da za ta ƙara maka sai nauyin jaka.

To me ya sa mutane da yawa ke ƙorafin sauti a kwamfuta? Da na matsa wa ɗan uwan nan da tambaya, sai ya ce shi ba ƙarancin ƙara ke damunsa ba, wani "zzzz" yake ji a ƙarƙashin sautin, musamman in ya sa caji. A nan ne matsalar yankinmu take. Daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, wa ke dogara da wutar NEPA? Janareta ne, ko sola da inbata, ko shagon caji. Ƙananan inbata masu araha ba sa ba da wuta mai santsi, yawancin soket ɗinmu babu wayar ƙasa, cajar laftof kuma sau da yawa ba ta asali ba ce. Duk wannan dattin wutar na bi ta caja ya shiga sashen sauti ya fito a kunnenka. Ka gwada da kanka: kana cikin ji ka zare caja. In zugin ya ɗauke, ka kama ɓarawo. Yanzu ka yi tunani, in ka kawo amfilifaya ka soka a wannan ramin, me za ta yi? Aikinta ƙara ƙarfin abin da aka ba ta. Ta ƙara waƙar, ta ƙara zugin. In mai amfani da wutar soket ce ma, tana iya zuwa da nata.

Shi ya sa na ce adafta. Ina nufin 'yar gajeriyar wayar nan mai kan USB-C ko USB a gefe ɗaya, da ramin iyafis a ɗaya gefen. Mai kyau daga cikinsu tana da ɗan guntun na'ura a ciki da ake kira DAC, wanda ke karɓar sautin a matsayin lambobi ya mayar da shi sauti a wajen laftof, nesa da hayaniyar cikinta, kuma da 'yar amfilifayarsa a haɗe. Ta kamfanin Apple dala 9 ake sayar da ita a Amurka, kuma tana aiki a Windows. Sau da yawa wannan kaɗai ke kashe zugin. In bai mutu ba, to cajar ce za ka canza, ko ka riƙa yin aikin da ke son kunne a kan batir. Amma fa a kula: akwai masu kama da ita sak waɗanda babu komai a cikinsu sai zallar waya. Suna aiki a wasu wayoyi, a laftof kuwa shiru kake ji. Wadda ke da DAC, da ka soka za ka ga kwamfuta ta nuna sabuwar na'urar sauti. Ka gwada a gaban mai shago kafin ka biya.

Yanzu shi kansa hedifon, inda nake so kuɗinka ya tafi.

Na san Bluetooth ne yayi, kuma ban ce Oraimo da ire-irensa ba su da amfani ba. A kan mashin ko a gona sun fi waya daɗi. Amma ga mai zama gaban kwamfuta, ina da ƙorafi biyu. Na farko, kuɗin da ka biya an raba shi tsakanin batir da na'urar Bluetooth da makirfo, abin da ya rage wa lasifikar kunnen kaɗan ne. Batirin kuma shi ke fara mutuwa, ga shi ka ƙara wa kanka abin kaiwa caji. Na biyu, sautin Bluetooth na ɗan makara. Mai kallon fim ba zai damu ba, amma mai haɗa bidiyo zai yanka a inda bai dace ba, baki na motsi magana na biyowa a baya.

Sai batun rufaffe da buɗaɗɗe, kuma a nan zan yi maganar da ba za ka ji a bakin Baturen YouTube ba. Rufaffen hedifon na toshe ƙarar waje, wasu ma na da na'urar kashe hayaniya gaba ɗaya. A Landan ko a cikin jirgin sama wannan abin so ne. A Badarawa da ƙarfe sha ɗayan dare fa? Duk wanda ke zaune a yankin nan ya san halin da ake ciki na tsaro, ya san darajar kunne: ƙarar babura daga nesa, haushin karnuka, bugun ƙofar maƙwabci. Ni ban ga hikimar mutum ya biya kuɗi don a raba shi da jin abin da ke faruwa a ƙofar gidansa ba. Buɗaɗɗe ko rabin buɗaɗɗe, irin Samson SR850 ɗin can ko Superlux HD681, na barin ƙarar waje ta shigo, ga shi kunne na shan iska, wanda duk mai zama da hedifon a zafin watan Afrilu ya san amfaninsa. Aibinsa shi ne na kusa da kai zai ji abin da kake ji, kuma in za ka ɗauki murya da makirfo sautin na iya komawa ciki. In aikinka ɗaukar murya ne, ɗauki rufaffe, amma da dare ka bar kunne ɗaya a waje.

In kuɗin ba su kai na saman kai ba, kada ka raina 'yan cikin kunne masu waya. Irin su Moondrop Chu da 7Hz Zero wajen dala 20 ake sayar da su, kuma wallahi sun fi manyan hedifon masu walƙiyar fitila da ake rubuta wa "7.1" a kwali. Lasifika biyu ne a ciki, ɗaya a kowane kunne, sauran duk dabarar manhaja ce da ado. Haka in ka ga an rubuta wat dubu kaza da harufan PMPO a jikin 'yar amfilifaya ko lasifika, ka wuce kawai.

Abu biyu ƙanana da za su cece ka. Ka nemi wanda wayarsa ke cirewa, don hedifon ba kasafai yake mutuwa ba, wayar ce ke karyewa a wuya. Sannan ka taɓa soson kunnen. Fatar roba mai ƙyalli ba ta jure gumi da zafinmu, ana 'yan watanni za ka ga tana ɓarewa tana manne maka a kunne. Mai yadi ya fi daɗewa, sai dai ya sha ƙurar hunturu, ka riƙa karkaɗewa.

Wurin saye kuwa, ko a Gusau ne, ko Kano a Farm Centre da Beirut Road, ko ta intanet, jabu ya fi na gaske yawa a sunayen da suka yi fice. In an ce maka ga Sony ko JBL ko Beats a kuɗin da bai kai na buhun siminti ba, kai ma ka san amsa. Gara ƙaramin suna na gaskiya da babban suna na ƙarya. Kuma in da hali kada ka aika, ka je da kanka da abin da kunnenka ya haddace. Mai shago zai sa maka waƙa mai dukan bes don ta ruɗe ka. Kai ka sa murya: karatun da ka saba ji, ko labaran rediyo. In muryar ta fito kamar daga cikin randa, ko harafin "s" na sukar kunne, ajiye masa kayansa.

Akwai kuma abin da babu hedifon ko amfilifayar da za ta gyara, wato fayil ɗin kansa. Waƙar da aka tura maka a shagon caji, sau da yawa an matse ta an zubar da wani ɓangare na sautinta. Hedifon mai kyau ma tona mata asiri zai yi. In kana da zaɓi, MP3 mai 192 ko 320 ya fi mai 64 nesa ba kusa ba. Tsofaffin faifan Narambaɗa ko Ɗanƙwairo kuwa, da shashsharsu aka ɗauke su, haka za ka ji kotson, kada ka ɗora wa na'urarka laifi. Sannan a daina tura boliyom ɗin VLC sama da 100, fasa sautin kawai yake.

Wani zai ce, to kai malam gaba ɗaya ka haramta amfilifaya ke nan? A'a. In ka ci karo da mai om 250 ko 300 a kayan gwanjo da araha, kuma ka tabbatar na gaske ne, saya ka nemo masa ƙaramar amfilifaya mai aiki da USB, irin na FiiO, ba mai neman soket ba. In kuma kana ɗaukar murya don talla ko waƙa, abin da kake buƙata shi ne akwatin sauti na USB irin Behringer UM2 ko Focusrite Scarlett, wanda ke karɓar makirfo kuma yana da ramin hedifon da nasa ƙarfin. Jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Abin da ya fi sa ni ɗari-ɗari da amfilifaya a hannun matashi shi ne kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti, kuma ta ce desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyaka ga babba. Da ka kai 90, awa 4 ne kacal a mako. Mai aiki kusa da janareta yana ƙara boliyom ne don ya danne ƙararsa, bai san ya wuce iyaka ba. In ka cire hedifon ka ji kunnenka na "wiii", gargaɗi ne, kuma jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. Ka matsar da janareta nesa, ka tsaya wajen 60 a boliyom, ka riƙa ba kunne hutu.

Shi dai ɗan uwan namu na Badarawa ya zare caja ya gwada, zugin ya ɗauke. Ya fasa ba direba saƙo. Ya ce ranar da zai shiga Gusau da kansa zai tafi da laftof ɗin a jaka, ya soka adafta a gaban mai shago.